Ranar da Na Kira Sunan Surukina a Filin Ƙwallo

Ba zan taɓa mantawa da yammacin nan ba, ko da yake na sha roƙon Allah ya mantar da ni. Har yau in ina wanke-wanke abin ya faɗo mini a rai, sai in ji na ce "innalillahi" da ƙarfi ni kaɗai, a leƙo kicin ana tambayar me ya fashe. Babu abin da ya fashe. Abin da zai fashe ya riga ya fashe tun a filin ƙwallon wata kwaleji a nan Riyad, a gaban jama'a, a bayan ƙeyar surukina.

Bari in faro daga inda za ku gane. Ni 'yar Gumel ce, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Innata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan babban yayanmu a bakinta ba. "Wancan" take ce masa. In ya shigo ɗaki sai ta tuna tana da aiki a tsakar gida. Haka na tashi na gani, haka na ɗauka. A gida abin yana da sauƙi, domin da an yaye ɗan fari kaka ko goggo ke ɗauke shi, ke da shi sai dai ki hango. To ni nawa ɗan farin yana goye a bayana maigidan ya samo mana iƙama, wato takardar zama, muka biyo shi Saudiyya, inda yake tuƙa motar wani kamfani. Babu kaka, babu goggo. Daga ni sai yaron a ɗaki biyu a unguwar Ulaisha. Ni ce wanka, ni ce abinci, ni ce jinya, kuma duk ba tare da na kira sunansa ba.

Ni kuma abin ya zo mini biyu. Ga shi ɗan fari, ga shi sunan mahaifin maigidan aka sa masa. Wannan sunan ko a kan ɗan auta yake, matar ɗa ba ta buɗe baki ta faɗe shi. Ubansa Abba yake ce masa. Ni ko Abban ban iya ba. "Kai, zo ka ci abinci." "Wannan yaron bai dawo ba?" Da haka muka yi shekara ashirin. (Na san kun lura har yanzu ban rubuta sunan ba. Ku yi haƙuri, yana tafe. Ajin yaƙi da jahilcin da na yi kafin mu taso ya koya mini rubuta komai, amma wannan kalmar biro na yi mini nauyi a kanta.)

A ƙasar nan kuwa sai na tarar da abin a juye. Nan mace ba ta da sunan da ya wuce na ɗanta na fari: Ummu wane, Ummu wane. Maƙwabciyata Ummu Tariƙ, wata 'yar Sudan mai faɗin jiki da faɗin murya, tun ranar da ta san mu take tsayawa a kan bene ta ƙwala mini kira, "Ya Ummu..." ta ƙarasa da sunan surukina, duk layin na ji. Shekarun farko in ta kira sai in yi kamar ina sallah. Da na gaji na yi mata bayani da gurguwar Larabcina. Ta saurare ni tsaf, sannan ta dafa ƙirji.

"Ke kika ɗauki cikinsa, ke kika sha wuyar haihuwa, kuma ke ce mai jin kunyarsa? Shi ya haife ki?"

Na ce al'ada ce. Ta ce Allah ya ba mu lafiya.

Yaron ma bai gane ba. Yaran da suka tashi a nan Larabci ne a bakinsu, Hausarsu duk ramuka ce, al'adunmu kuwa labari ne suke ji. Yana ɗan firamare, muna cikin mota, ya tambayi ubansa, "Baba, wai Yumma ta manta sunana ne?" (Yumma suke ce mini, irin na 'ya'yan Larabawa.) Uban ya yi dariya har da dukan sitiyari, ya ce masa girmamawa ce. Ni na juya ina kallon taga. Yaron bai sake tambaya ba, amma yana ji ina kiran ƙanwarsa Hafsa tun safe har dare, Hafsa zo, Hafsa tafi, Hafsa kin ci. Na san yana ji. Na bar shi a kan in ya girma zai fahimta.

Ya girma ɗin, ya yi tsawo har yana sunkuyawa a ƙofar kicin, ya shiga wata kwalejin fasaha, ya zama golan ƙungiyar ƙwallonsu. Tariƙ ɗan maƙwabciyata ma can yake, shi ke buga gaba. A cewar Hafsa, a da ƙungiyar nan ita ce kowace kwaleji ke addu'ar a haɗa ta da ita, don a samu na banza. Sai a shekarar aka kawo musu sabon koci, wani Bamisire mai saƙe-saƙen dabara, wanda ke sa su gudu har yaron ya dawo gida yana hawa bene da rarrafe. Suka fara ci. Wannan mako su ci, mako mai zuwa su sake ci, har mutanen layinmu da ba ruwansu da kwalejin suka fara tambaya.

Sai ya shigo da gwiwa a kurje, ya jefar da safar hannunsa a bakin ƙofa, ya ce, "Yumma, yau ko ɗaya ba a zura mini ba."

Ni kuma fuskata na cikin tukunya. "To. Allah ya ƙara. A wanke hannu."

Iyakar abin da yake samu ke nan. Bai san da ya shiga wanka nake jawo Hafsa gefe ba. "Nawa da nawa? Ya faɗi da ƙarfi? Ta wane gefe ya faɗi? Nuna mini a wayar." In kalla, in ce ta mayar baya, in sake kalla, in ji motsin ƙofar banɗaki in koma kan tukunyata kamar ba ni ba. Rigar wasansa ni ke wanke ta, amma a juye nake shanya ta, saboda an buga sunan da manyan baƙaƙe a baya. Ummu Tariƙ kuwa hoton ɗanta ta manna a ƙofar gidanta, kusan tsawon mutum.

Suka gama zagayen farko suna kan gaba, suka shiga sili-ɗaya-ƙwale, inda duk wanda aka ci sai gida. Suka fitar da waɗanda aka fara haɗa su da su. Saura wasan kusa da na ƙarshe.

Ana saura 'yan kwanaki ya shigo kicin ya tsaya jikin firij. Ya daɗe a tsaye, yana buɗe firij ɗin yana rufewa.

"Yumma, akwai wurin zaman iyali a filin. Duk iyaye suna zuwa. Ummu Tariƙ ba ta taɓa fashi ba."

Na ce, "Allah ya ba da sa'a."

"Abokaina suna tambayata wai ko mahaifiyata tana Najeriya ne." Ya rufe firij ɗin. "Na ce musu eh."

Ludayin ya tsaya a hannuna. Ban juyo ba, don ban san fuskar da zan juyo da ita ba.

"Ba sai kin yi komai ba," in ji shi. "Ki zo ki zauna kawai. In ɗaga kai in gan ki, halas, shi ke nan."

Ya fita. Miyar ranar ta kama.

A makon ne kuma surukina Alhaji ya sauka a gidanmu. Ya zo Umara, ya biyo Riyad ya ga jikoki kafin ya koma. Ya kamata ku san matsayina a wurin tsohon nan, don ku san daga inda na faɗo. In zan gaishe shi daga bakin ƙofa nake durƙusawa, muryata kuwa sai ya juya ya tambayi Hafsa, "Amaryata, me ta ce?" A Gumel da ni yake yi wa sauran matan 'ya'yansa misali. "Ku dubi ta Saudiyya, shekara nawa ban taɓa jin sautinta ba." Facalolina sun sha wannan maganar har sun ƙoshi. Ni kuma, ban ɓoye muku ba, ina jin daɗinta. Ba ni da digiri, ba ni da sana'ar nunawa, amma ina da wannan, kuma na riƙe ta da kyau.

Ashe Alhaji mayen ƙwallo ne. Da ya ji labarin takwaransa sai ya buga sandarsa a ƙasa ya ce shi ma a zamaninsu gola ne, ba takalmi ba safar hannu. Ya ce wa maigidan, "Duk gidan nan za mu je. Har da 'yata, kada a bar ta tana gadin tukwane."

Na yi tunanin ciwon kai. Na yi tunanin ciwon ƙafa. Amma ga umarnin suruki, ga kuma waccan maganar ta jikin firij da ta ƙi barin kunnena. Na ce wa kaina, menene a ciki? Zama ne kawai. Ai zama shiru shi ne abin da na fi kowa iyawa.

Bayan la'asar ne, lokacin sanyi, filin yana can ta hanyar Dir'iyya inda ake ta gine-gine. Na sa baƙar abayata, na ɗauki carbi da fulas ɗin shayi da jakar hannu. Aka zaunar da Alhaji da maigidan a layin gaba, ni da Hafsa da Ummu Tariƙ a layin da ke bayansu. Kujerata daidai bayan ta Alhaji. Ina iya ƙirga zaren hularsa. (Da ina da wayo tun nan zan ce wa Hafsa mu yi musanya.)

Da 'yan wasa suka fito na ga duk nasu fararen riguna ne, shi kaɗai ke da koriyar nan da nake wankewa. Na raɗa wa Hafsa, "Ba ta kai kansa ba ne?" Ta ce haka gola yake sawa, in yi shiru kada a ji. Ya ɗaga kai yana dube-dube ta wajenmu. Da idonsa ya zo kaina sai na sunkuya ina gyara murfin fulas.

Aka fara. Ban san dokar wasan ba, abin da na gane kawai shi ne duk wanda ya nufo kore maƙiyina ne. Ummu Tariƙ tun usur ɗin farko ta miƙe. "Yalla ya Tariƙ! Yalla habibi!" Tana ihu tana zungurina da gwiwar hannu. "Ke, ki yi magana mana! Gawa aka kawo?" Ni dai ina jan carbi. Tariƙ ya ci ɗaya, ta rungume ni har na ga taurari. Bayan an dawo hutu waɗancan suka rama. Yaron ya ɗauko ƙwallon daga cikin raga kansa a ƙasa, ni kuma na sunkuya na kurɓi shayi.

Aka ƙara lokaci. Can wani ƙato ya taho da gudu, yaron ya faɗa kan ƙwallon, ƙaton ya sa masa takalmi a haƙarƙari. Ya kwanta yana juyi. Ban ce uffan ba, wallahi ban ce ba. Sai dai na ji wani abu na zuba a ƙafata, na duba, ashe zaren carbin ne na tsinke. 'Ya'yan carbin suna ta gangarawa ƙarƙashin kujerar Alhaji. Yaron ya tashi yana dafe da gefensa, aka ci gaba, har aka busa ba wanda ya ƙara.

Hafsa ta ce, "Fenareti za a yi."

Na ce, "Wato me?"

"Daga shi sai mai bugu."

"Sauran fa?"

"Za su tsaya a tsakiyar fili."

"Su bar shi shi kaɗai?"

Haka kuwa aka yi. Ya taka shi ɗaya zuwa ragar, yana ɗingishi. Kuma ragar da aka zaɓa ita ce wadda ɗaliban waccan kwalejin suka cika bayanta, da ganguna, suna yi masa ihu a ka, suna kwaikwayon yadda yake dafe haƙarƙari. Aka yi ta bugu, wannan ya ci, wancan ya ci, wani na waɗancan ya buga sama. Ni ban iya bin lissafin ba. Sai na ji Hafsa ta kama hannuna ta ce, "Yumma, wannan ne. In ya kama mun ci."

Ya tsaya a tsakiyar ragar. Duk tsawon nan nasa sai na ga ya koma ɗan mitsitsi, kamar ranar da na fara kai shi makaranta ya tsaya a bakin ƙofa bai san ko kalma ɗaya ta Larabci ba. Ya juyo ya dubi wurin zaman iyali. Mai bugu ya ajiye ƙwallo ya ja baya. Alƙalin wasa ya ɗaga hannu, masu ganga suka tsaya, filin ya yi tsit, irin shirun da ko tari aka yi sai an ji.

A cikin wannan shirun ne wata mata ta ƙwala ihu da Hausa.

"ISIYAKU! Isiyaku ɗana! Ga ni nan! Tsaya da kyau, kada ka ji tsoron uban kowa, ni na haife ka!"

Na rantse muku na ɗan ɗauki lokaci ina mamakin wace marar kunya ce wannan. Sai na ga ina ganin saman kawunan mutane. Ashe a kan kujera nake tsaye, takalmi ɗaya a ƙafa. Mai bugun kansa sai da ya waiwayo. Alƙali ya busa, aka buga, yaron ya yi tsalle ta hagu ya doke ƙwallon waje.

Da a nan na tsaya, da wataƙila ihun jama'a ya rufa mini asiri. Ban tsaya ba. Na kama hanci na rangaɗa guɗa, irin wadda ban taɓa sanin ina da ita ba, ni da ko a bikin ƙanwata ban yi ba. Ina guɗa ina juya jaka a sama ina faɗin, "Isiyaku na Isiyaku! Isiyaku ya gama da su!" Sunan da na riƙe shekara ashirin, sai ga shi yana fita kamar an buɗe famfo. A juyi na ƙarshe jakar ta sauko ta yi gaba da hular Alhaji.

Hular ce ta dawo da ni hayyacina. Na bi ta da ido tana birgima a kan matakala, tana bin sawun 'ya'yan carbina. Sannan na ga kan da ta bari, fari fat da furfura, yana juyowa a hankali. Tsohon ya ɗaga ido ya dube ni a can saman kujera, hannuna ɗaya har yanzu a hanci.

Ya ce, "Na'am, 'yata. Na ji kira."

Jama'a, na sha jin ana cewa mutum ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ni ƙasar ma ta yi mini nisa, sai na sauko daga kujera tukuna, kuma babu yadda mace za ta sauko daga kujera da mutunci da takalmi ɗaya. Maigidan ya kifa fuska a tafin hannu, kafaɗunsa na rawa, ban sani ba ko kuka yake ko dariya. Ummu Tariƙ tana dukan bayana tana cewa, "Mashallah! Ashe akwai mutum a cikin abayar nan!" Na juya wurin Hafsa neman ceto, na tarar wayarta a sama take, tana kallona ta cikinta.

Ban san yadda muka iso gida ba. Na shige ɗaki na turo ƙofa. Abincin Alhaji Hafsa ce ta riƙa kai masa, gaisuwar safe kuwa daga bayan labule nake yi, da muryar da ko ni ba na ji. Hafsa ta rantse mini mutum ɗaya tak ta tura wa bidiyon, 'yar baffanta. Kafin gari ya waye ya zaga Gumel. Facalolina, waɗanda aka shekara ana ce musu su yi koyi da ni, suka yi ta turo gaisuwa. "Yaya ta Saudiyya, ya muryar? A sha zuma." Wata ta ce ɗanta na da wasa a makarantarsu, ko zan samu zuwa. Goggona kuwa saƙon murya ta aiko, ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Allah ya ji ƙan Innarki, gara da ba ta gani ba." Wannan ta fi duka zafi. Na saurare ta na kifa kai a filo.

Ina nan kwance aka ƙwanƙwasa. Yaron ne. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai saboda tsawo.

"Yumma."

Na juya fuska bango.

"Da farko ban gane muryar ba," in ji shi, yana haɗa Hausar da ƙyar. "Ban taɓa jin ki da ƙarfi ba. Amma a nan kowa Is'haƙ yake ce mini, koci, malamai, kowa. Da na ji an faɗe shi irin na gida, na ce wannan ba wani ba ne." Ya ɗan yi dariya. "Abokaina sun ce a yi miki sannu da zuwa daga Najeriya."

Na ce, "Kai, tafi ka ba ni wuri."

Ya tafi, ina jin sa yana dariya har falo. Rabon da in ji irin wannan dariyar a bakinsa tun yana ƙarami.

Ana gobe wasan ƙarshe Hafsa ta shigo tana danne baki. Ta ce Alhaji ya aiko ta. "Ya ce, amaryata, ki gaya wa uwarki sunan nan na ara mata shi har a gama gasar, ta yi yadda take so da shi. Hulata kawai za ta bar mini."

Na ja bargo na rufe kai.

Na je wasan ƙarshen, don ba yadda zan yi in ƙi. Amma na je da niƙabi, na zauna can ƙarshen layi nesa da Alhaji, na bar jaka a gida, na cusa bakin mayafi tsakanin haƙorana. Duk wanda ya wuce sai ya nuna ni, wasu samari har suna ɗago mini hannu suna kiran "Ummu Is'haƙ!" Ummu Tariƙ ta yi zungurin duniya, ban motsa ba. Yaron ya kama abin da ya kama, har sau nawa filin na tashi saboda shi. Ana dab da tashi aka buga wata daga nesa, ta taɓa yatsunsa, ta shige. Da ita aka ci su. Na ga ya zauna jikin turken raga yana kallon safar hannunsa, wasu na can suna ɗaga kofi. Mayafin nan sai da na huda shi da haƙori.

A mota Alhaji na gaba, maigidan na tuƙi, mu uku a baya, yaron a tsakiya gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Lambar da aka ba su ta na biyu tana dunƙule a hannunsa, bai ko rataya ba. Hafsa ta leƙo ta bayansa ta raɗa mini, "Da kin yi ihun." Na harare ta. Ina jin numfashinsa yana sarƙewa, yana ƙoƙarin kada kakansa ya ji.

Na dubi ƙeyar Alhaji. Na dubi hular. Wannan karon ba wata mata ba ce, ni ce, da hankalina, kuma na san wanda ke zaune a gabana. Na ɗage niƙabin na ce a hankali, "Isiyaku."

Ya ɗago.

"Ka yi ƙoƙari. Na gani da idona."

Sai ya kifa wannan ƙaton kan nasa a kafaɗata, duk warin zufa da ciyawa, ya saki kukan. Ni kuma na ƙame ina jiran "na'am" daga kujerar gaba.

Alhaji, mutumin da ke jin faɗuwar cokali a kicin daga falo, sai ya nuna waje da sandarsa ya ɗaga murya. "Kai, wai duk gine-ginen nan na mutum ɗaya ne? Wancan dogon ƙarfen fa, ta ina mai tuƙa shi yake hawa?" Maigidan ya fara yi masa bayani. Ya sake jefo wata tambayar, ya sake jefo wata. Bai bar zancen gini ba, bai kuma waiwayo ba, har muka tsaya a ƙofar gida.

Yanzu Alhaji ya koma Gumel. An ce ya daina ba da misali da ni, sai dai in baƙi sun zo ya sa a kunna musu bidiyon, yana nuna daidai inda hular ta tashi. Ni kuma na koma "kai" da "wannan yaron", don abin da aka shekara ashirin ana yi ba ya fita rana ɗaya. Sai dai rigar na daina juya ta in zan shanya. Matsalar da ta rage ita ce ɗan banzan ya yanko ihun nan ya sa shi a wayarsa, duk lokacin da na kira shi muryata ce ke tashi tana cewa kada ya ji tsoron uban kowa. Ranar da na gano haka, ashe yana cikin aji na kira shi. Tun daga nan in ina nemansa Hafsa nake sawa ta kira.

Abin da na koya dai shi ne, in akwai sunan da kika daɗe kina riƙewa a baki, ki riƙa sakin sa kaɗan-kaɗan a kicin, inda daga ke sai mai shi. In kika ƙi, shi zai zaɓi ranar fitarsa da kansa, kuma ba zai duba wanda ke zaune a gabanki ba.